Jan Faifan Gidan Hatakeyama

Noboru Hatakeyama masaƙin tabarmar daɓen ɗaki ne a layinmu, nan ƙasar Akita, ni kuma awara nake sayarwa a shagon da ke jikin nasa. Tun ina amarya na san shi, kuma tun lokacin ban taɓa ganin mutum mai taurin kai irinsa ba. Wanzaminsa ɗaya, mai kifinsa ɗaya. Kayan lantarki kuwa sai shagon Onodera, don kawai uban Noboru a wurin uban Onodera ya sayi rediyonsa ta farko.

A shekarar 2007 kamfanoni suka rabu gida biyu kan sabon faifan bidiyo mai hoto tar. Ga Blu-ray mai shuɗin gida, ga HD DVD mai ja, kuma na'urar wannan ba ta karanta faifan wancan. Masu hankali suka naɗe hannu suna jiran a ga wanda zai kayar da wani. Noboru bai iya jira ba, saboda gidan talabijin zai zo ɗaukar bikin garinmu na bazara, kuma ɗansa tilo, Kohei, yana cikin masu kaɗa manyan ganguna. Shagon Onodera na kamfanin jan faifai ne, wato tambarinsu ne a allonsa. Na ce wa Noboru ya shiga birni ya ji ta bakin wasu. Ya dube ni kamar na ce ya saki matarsa.

Ya sayi na'urar jan faifai a wurin Onodera, ya ɗauki shirin a cikinta, sannan ya mayar da shi kan faifai. Dokar lokacin ita ce, shirin talabijin sau ɗaya ake ƙaura da shi. Da ya hau faifai sai na cikin na'urar ya goge, faifan kuma ba ya kwafuwa. Kohei yana can layin baya cikin makaɗa birjik, amma hoton ya fito har kana ganin gumin goshinsa da giɓin haƙorinsa. Duk wanda ya shigo gidan sai ya kalla kafin a ba shi shayi.

Sanyi bai gama wucewa ba kamfanin jan faifai suka ce sun haƙura, sun daina ƙera shi. Onodera ya zo har gida da kwalin alawa, ya sunkuya yana ba da haƙuri. Noboru ya ɗaga shi, ya ce ai na'ura tana aiki, me aka yi? Ni dai na yi dariyata a shago, kuma har yau ina jin haushin wannan dariya.

Bayan wasu shekaru Kohei ya hau rufin gida kwashe dusar ƙanƙarar da ta taru, ƙafarsa ta zame. Ko asibiti bai kai ba.

Fumie, matar Noboru, ba ta sake komawa daidai ba. Mantuwa ta fara cin ta a hankali, har ta manta da mutuwar ma. Kullum da safe sai ta tambayi inda Kohei yake. Da farko Noboru yakan faɗa mata gaskiya, ita kuma ta yi kuka sabo fil kamar yau aka yi rasuwar. Da ya gaji da kashe mata ɗa kowace safiya, sai ya koma sa mata faifan. Takan matsa kusa, ta ɗora yatsa a kan fuskar Kohei a talabijin, ta ce yaron nan ya rame, sannan ta ci shinkafarta lafiya lau.

Sai dai na'ura ba ta san tausayi ba. Ta fara ƙugi, tana tofo faifan. Onodera ya rufe shago ya bi 'yarsa birni. Kamfani ya daina yin kayan gyara. Gidan talabijin suka amsa cikin ladabi cewa ba su ajiye shirin ba. Noboru ya yi ta bin shagunan kayan gwanjo, ya samo wata, ta yi ɗan kwana biyu ta mutu, ya samo wata. Daga baya ko ambatar sunan faifan ya yi, sai yaran shago su kalli juna.

Ni na matsa masa ya bari a ɗauki bidiyon allon talabijin da waya tun na'urar ƙarshe tana numfashi. Ya ce wannan wulaƙanta hoto ne. Na ce masa, “Tsoho, kai da girman kanka ku je ku faɗa rijiya, amma ka bar wa Fumie abin kallo.” Ya yi kwana biyu ba ya gaishe ni, sannan ya yarda. Na ɗauka da hannuna, kuma a idona ya fito ba laifi.

Bara na'urar ta yi shiru gaba ɗaya. Ina wurin da safen da ya sa mata kwafin wayar a talabijin, don na kai musu awara. Fumie ta matsa kusa. Ganguna suna tashi, amma layin baya ya zama dishi-dishi, fuskoki duk sun narke sun zama ɗaya. Ta bi su da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan, ta dawo ta sake bi.

“Baban Kohei, bai je ba,” in ji ta. “Kowa ya je, shi bai je ba.”

Noboru ya ce yana nan, ga shi can na uku daga hagu.

“Kana nufin ban san ɗana ba? Tashi ka nemo shi. Ƙila wani abu ya same shi.”

Na ga bakinsa ya motsa, na ɗauka zai faɗa mata. Sai ya miƙe, ya sa takalmi, ya ce to, bari ya duba.

Haka ake yi yanzu kowace safiya. Yakan fito ya tsaya a lungun bayan shagona, inda ba za ta hango shi ta taga ba, ko ruwa ake yi ko ƙanƙara. Na sha ce masa ya shigo ya zauna kusa da murhu. Sai ya girgiza kai, ya ce ai an aike shi neman yaro ne, ba zama ba.