Ranar da Aka Sa Mu Gudu a Bakin Titi

Har yau ban manta da wata Laraba ba, a shekarun da kuɗin mota ya gagari talaka. Lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibiti a wajen Tofa. Aikina in zauna da mata masu ɗauke da ƙanjamau, in tuna musu shan magani, don ni ma ina ɗauke da ita. Mijina ya sani. Surukata, Inna, ta ɗauka shara nake yi. Kullum fargabata ranar da za ta ji, ta ce a raba ni da goyona.

Malama Rabi, nas ɗinmu, ta sha gaya mana amfanin motsa jiki: yana ƙara ƙarfi, ya kawo barci da cin abinci, ya rage tunani. Na gwada, gaskiya ne.

Ranar sai ga wata Hajiya daga Kano, babbar jami'a, da jajayen riguna masu rubutu a kan ƙanjamau. Ta ce kowa ta ɗora a kan hijabi, mu zagaya filin ƙwallo na bakin titi da gudu, a ɗauki hoto.

Malama Rabi ta ce, "Hajiya, yau fa kasuwa ke ci. Kuma da ƙafa suka zo daga ƙauyukansu, wasu ko koko ba su sha ba."

"Wannan ai tafiya ce, Malama. Motsa jiki nake magana." Ta koma cikin mota ta ɗage gilashi.

Ni aka sa a gaba. Mun fara ke nan na hango Inna tana jan akuyarta.

"Ke Lami! Me ake rabawa?"

A waɗannan shekarun, in ka ga mata da riga iri ɗaya, to shinkafa ake rabawa. Inna ta ɗaure akuya ta shigo layi. Kafin mu zagayo, rabin matan kasuwa na bayanmu, har da mai ƙosai da matsaminta a hannu. Hajiya ta fito tana murna, wai ba ta taɓa ganin wayewar kai irin ta garinmu ba.

Ruwan leda aka raba. Inna ta yi ta tsinuwa har gida, ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Ni na tsira. Amma Saude, ɗaya daga cikin matanmu, ƙanin mijinta ya iya karatu, ya karanta rigar. Ba ta sake zuwa karɓar magani ba. Sai da na yi ta bin ta ta bayan gida har damina ta wuce.

Abin da na koya, masu kawo mana alheri ba sa tambaya. Ku da za ku yi wannan aiki bayanmu, don Allah ku koya mana motsa jikin, muna so. Amma ku fara tambayarmu wa ke kallo.