Yadda Na Hana Jikata Rubutu a Gaban Rediyo

A shekarar da annobar korona ta sa aka rufe makarantu da hanyoyi, jikata tana aji shida na firamare, tana zaune a gidana a Toranke. Sunan mahaifiyata aka sa mata, saboda haka ban taɓa kiranta da sunan ba, Uwata nake ce mata. Mahaifinta, ɗana na biyu, tela ne a Kano, kuma tun tana ƙarama ya bar ta a hannunmu.

Da zaman gida ya yi tsawo, sai ya kira ni a waya.

Ya ce, "Baba, yarinyar nan jarrabawar shiga sakandare ce a gabanta. Nan akwai talabijin, akwai babbar waya, duk ana darasi a ciki. Da zarar an buɗe hanya zan zo in ɗauke ta."

Na ce masa, "Abin da muka karanta a gaban malamanmu shi ne, ba a ɗaukar mai lafiya a kai shi inda annoba ta sauka. Kai da bakinka kake gaya mini cutar ta fi ƙarfi a birni. Darasi kuwa ana yi a rediyo, kuma rediyo muna da ita. Ka bar mini ita, ni zan tsaya a kan karatunta."

Ya ce, "To, Baba. Amma zan riƙa gwada ta. In na ga tana komawa baya, sai ka yi mini haƙuri."

Na karɓi sharaɗin, domin haƙƙin 'yarsa yake nema, kuma bai faɗi abin da ya saɓa wa adalci ba.

Zaurena a lokacin babu kowa, tun da na sallami masu zuwa ɗaukar karatu har Allah Ya yaye mana. Sai na mayar da shi ajinta. Na shimfiɗa buzun da nake zama a kai in zan ba da karatu, na ɗora rediyon a kansa, domin a ganina duk wanda ilimi ke fitowa daga bakinsa ya cancanci mazaunin malami. Sannan na gindaya mata ladubban da aka rene mu a kansu. Ta zo da alwala. Ta tanƙwashe ƙafa, kada ta miƙe su wajen rediyon. Ta sunkuyar da kai. Kuma, abin da na fi tsanantawa, kada ta taɓa biro ko littafi muddin malamar da ke cikin rediyon tana magana. A wajenmu, ɗalibin da ke rubutu malami na bayani ya raba zuciyarsa biyu, kuma ya nuna ƙarancin ladabi. Sai an rufe karatu ake ɗaukar alƙalami.

Kusan mako uku muna haka, kullum da hantsi. Ina kallonta tana zaune shiru kamar mai tahiya, ina jin daɗi, ina cewa a raina lallai yarinyar nan tana shan karatu.

Wata Juma'a mahaifinta ya kira, ya ce a ba ta wayar. Ina kusa, ina jin muryarsa. Ya tambaye ta rabi da kashi ɗaya cikin uku in an haɗa nawa ke nan. Ta yi shiru. Ya sake wata tambayar, ta sake yin shiru, hawaye na taruwa a idonta. Sai ya ce, "Ba wa Baba." Bai ɗaga mini murya ba, bai taɓa yi ba. Cewa kawai ya yi, "Baba, ka dai ji."

Da na ajiye wayar na ce, "Uwata, ina karatun da kike saurare kullum ya tafi?"

Ta share ido ta ce, "Malam, kai in ka yi wa ɗalibanka ƙarin karatu, sau nawa kake maimaitawa?"

Na ce, "Sau uku. Mai nauyin kai, sau bakwai."

"In ya je gida ya manta fa?"

"Ya dawo gobe ya tambaya."

"To ni wa zan tambaya? Batir? Malamar nan sau ɗaya take faɗa ta wuce, ba ta san ma ina duniya ba. Kai kuma ka riƙe mini biro, tsoho."

Ban tsawata mata ba, domin gaskiya ta faɗa. Na zauna ina juya maganar, sai na ga inda na kuskure. Ladabin sunkuyar da kai an gina shi ne a kan malamin da ke ganin fuskar ɗalibinsa, wanda ba ya ƙara masa layi sai ya tabbata na baya ya zauna. Ni kuwa na ɗauko ladabin na bar malamin, na kai shi gaban akwatin da ba ya gani, ba ya jira. Ladabi hadimin ilimi ne, ba a yanka ilimi domin a ciyar da shi.

Washegari na sauke rediyon daga kan buzu, na miƙa mata bironta da hannuna. Na ce, "Ke rubuta duk abin da hannunki ya iya kamawa. Sunkuyar da kai kuma ki bar mini, ni zan yi." Ban yi boko ba, amma kunnena ya yi shekaru yana aikin hadda, kuma mun haddace littattafai da yawa tun kafin mu san ma'anarsu. Sai na zama mai biya mata. Malama tana magana, ina rufe ido ina ɗauka. Da an rufe shirin, sai in maimaita mata bayanin sau uku, tana cike guraben da ta bari a littafinta. Kalmomin Turanci kuwa yadda suka shiga kunnena haka nake fito da su, ita kuma ta yi ta dariya har tana riƙe ciki, tana cewa, "Malam, Bature zai kai ka ƙara." Sai ta gyara mini, kuma garin gyara mini kalmar take zauna mata.

Ranar da aka dawo kan lissafin da ya kayar da ita, ina saurare sai na ji ƙafata ta taka ƙasar da na sani. Rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni: ashe lissafin rabon gado ne aka sa wa riga da wando. Na ɗebo irin gyaɗar da muke ɓarewa don shuka, na jera ƙwaya shida a kan tabarma. Na ce ta cire rabi, ta cire uku. Na mayar, na ce ta cire sulusi, ta cire biyu. Na ce, "Haɗa." Ta dubi gyaɗar, ta dube ni, ta ce, "Biyar cikin shida! Dama shi ke nan?" Na ce, "Shi ke nan. Ki fara nemo adadin da kowane mai rabo zai samu nasa ba tare da an fasa ƙwaya ba." Daga shida muka koma goma sha biyu, daga nan ashirin da huɗu.

Maƙwabta da suka ji labari suka so turo nasu 'ya'yan. Na karɓi uku kawai, na fitar da karatun gindin dalbejiya, kowa da tabarmarsa nesa da ta ɗan'uwansa, buta da sabulu a bakin ƙofa, kowa kuma da kofin shan ruwansa.

Damina ta kankama lokacin da aka buɗe hanya. Ɗana ya hau mota zuwa Ajingi, ya ƙaraso a kan babur, da takunkumi a fuskarsa. Ya wanke hannu, ya durƙusa daga nesa ya gaishe ni, ba mu yi musafaha ba. Bayan ya ci abinci ya kira ta, ya fito da wata takardar tambayoyi da ya samo a birni.

Lissafi ta amsa duka, ba ta ko nemi gyaɗa ba. A Turanci ta kuskure biyu, kuma na san laifin bakina ne. Yana cikin duba takardar sai ta ce, "Abba, ni ma in tambaye ka? Sumuni da sudusi in an haɗa, nawa ne?"

Ya ɗaga kai sama, ya motsa yatsu, ya ce, "Ke, ni tela ne, kawo tef in auna miki."

"Bakwai cikin ashirin da huɗu," in ji ta. "Malam, a sa shi a ajinmu."

Ya yi dariya, sannan ya naɗe takardar ya juyo gare ni. Ya ce, "Baba, Turancin da saura. Zan aiko da littattafai ta hannun direban Gaya, a riƙa sa ta karantawa da ƙarfi."

Na ce, "Wannan gaskiya ne, za a yi. Maganar tafiya fa?"

Ya ce, "Ta zauna."

Bayan la'asar ya koma Kano shi kaɗai. Ita kuwa ta zauna a Toranke lafiya lau har aka buɗe makarantu, kuma daga gidana ta tafi ta rubuta jarrabawarta. Alhamdu lillahi.