Rabon Kiyashi

Ranar da na fara ganin farin gari a ƙofar maƙwabciyata, sai da na ja da baya. Sabuwar zuwa ce ni a Kuala Lumpur, na zo karatun digiri na uku, na kama haya a wani dogon bene a unguwar Cheras. Barandar da ta bi ta gaban ɗakunanmu siririya ce, kuma dole ta gaban ƙofar nan zan wuce kafin in kai ga lif. Ga shi an yi wani zane a ƙasa da farin gari, ɗigo-ɗigo, an kewaye su da layuka masu murɗewa. Duk wadda ta tashi a garinmu ta san abin da ake nufi da barbaɗa gari a kan hanya, ta kuma san ba a tsallakawa.

Na kira mahaifiyata a waya. "Kada ki kuskura ki tsallaka," in ji ta. "Daga zuwanki har kin tsone wa wani ido?" Haka na riƙa manne wa bango kowace safiya, jakar kwamfuta a ƙirji, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne kullum zanen sabo ne, bai taɓa kama da na jiya ba. Na ce wannan boka ba ya hutu.

Wata safiya na yi sammako don in riga cunkoso zuwa makarantarmu da ke titin Jalan Semarak, sai na tarar da bokan nawa a tsugune. Wata ƙaramar tsohuwa ce Ba'indiya, 'yar Tamil haifaffiyar ƙasar, gashinta fari fat, ta wanke dandamalin ƙofarta, tana sakin gari ta tsakanin yatsu biyu. Ta ɗago ta gan ni lafe da bango, ta yi dariya har da tari. Ta ce ta jima tana leƙena ta taga, tana mamakin abin da bangon ya yi mini.

"Garin shinkafa ne, lah," ta ce da Turancinta mai gutsuri-gutsuri, irin na can da ake rufe magana da lah. "Kolam sunansa. Taka ma idan kina so, don a taka ake yin sa."

Ta nuna mini gefen zanen. Kiyashi ne suka yi jerin gwano, kowane ɗauke da 'yar farar ƙwaya a ka. Ta ce a wurinsu mace ba ta ɗora tukunya sai ta fara ciyar da wanda ba zai iya gode mata ba. Zanen kuwa maraba ce ga allahiyarsu ta arziki. Na ji kunya, na kuma ji daɗi, na yi ta dariyar kaina har tashar jirgin ƙasa.

Daga nan muka saba. Anti nake ce mata, kamar yadda kowa ke kiran manyan mata a can. Mijinta ya rasu tun kafin in zo. A kusurwar falonta akwai ɗan kabad na katako, a ciki ga gumakanta ƙanana, har da mai kan giwa, ga hoton mijin an rataya masa furanni, ga wata fitilar tagulla da ta ce ta kakarta ce. Da hannunta take murza lagwani daga auduga, ta zuba man riɗi. Ina idar da sallar asuba sai in jiyo 'yar ƙararrawarta ta bango, ƙamshin kafur ya biyo. Ban taɓa tsayawa ana wannan ibada ba, ita ma ba ta taɓa gayyata ta ba. Ta san ba na cin abin da aka ajiye a gaban gumaka, don haka idan ta yi kunun shinkafa da madara sai ta fara ɗibar nawa daga tukunya, ta ƙwanƙwasa, ta ce, "Wannan bai je wurin kowa ba. Makan," wato ci.

Ɗanta ɗaya, magidanci ne da ya haura arba'in. Idan ya zo sai in ji yana "Amma, Amma," wato uwa a yarensu. Ni kuwa Bahaushiya, duk sanda ya faɗa sai in kasa kunne in ji ƙarashen maganar. Da na gaya wa Anti ma'anar kalmar a Hausa, sai ta ce ai yarenmu ya san ɗanta, bai taɓa kiranta ba tare da wani ƙorafi a baya ba.

A shekarata ta biyu aikinsa ya lalace, matarsa ta kwashe yara ta tafi, ya dawo gidan uwarsa da akwati. Na tausaya masa, Allah ya sani. Mutum ne mai sauƙin kai, shi ya gyara mini famfo. Sai dai a wannan halin ne ya gamu da guru a waya. Guru babban malaminsu ne na addini, wannan kuwa mai gemu har ƙirji, da fararen kaya, da murmushin da ba ya gushewa. Ya fara da sauraron wa'azi, ya koma zuwa taro a zauren otal, daga nan kwalaye suka fara shigowa. Ruwa a gora mai hoton guru, toka a leda mai hoton guru, carbi, agogon bango, har sabulu. Kafin a jima shi ma ya zama dillali, ana ba shi kaya ya sayar, yana hawa mataki-mataki zuwa kusa da malam.

Ban yi mamaki sosai ba. Mu ma a gida na ga yadda addu'a ta koma kwalba da lambar waya, na ga masu rawani suna tallar buɗi kamar masu tallar man shafawa. Takaicina shi ne na yi zaton na baro abin a can, ashe ya riga ni sauka.

Kabad ɗin Anti aka fara taɓawa. Aka matsar da gumakanta gefe, aka cire hoton mijinta, hoton guru ya zauna a tsakiya. Ɗan ya ce guru ya ce ibadar gida ba ta da ƙarfi sai da kayan da ya sa wa hannu. Fitilar tagulla ta koma kan durowa a cikin kwali, wai mai da wuta haɗari ne a bene, aka kawo ta lantarki mai harshen roba da ke kaɗawa. Maimakon ƙararrawa, sai na riƙa jiyo muryar guru daga lasifika, magana ɗaya tana maimaituwa. Ina jin ɗan yana "Amma, Amma," a wannan karon kuwa ba sai na kasa kunne ba, ƙarashen na zuwa da kansa.

Ya taɓa kai ta wurin guru ɗin. Ta dawo ƙafafu a kumbure, ta zauna a kujerata tana murza gwiwa. Ta ce layi biyu ne, na masu katin zinariya da na sauran jama'a, su suna na sauran jama'a tun hantsi har rana ta yi sanyi. Da aka zo kanta, ya ɗora mata hannu a ka yana kallon mai ɗaukar hoto.

"Hannunsa da laushi," ta ce. "Bai taɓa wanke fitila ba."

Rannan na fito da safe na tarar babu gari. An manna wata ƙatuwar sitika a dandamalin, zanen kolam ne mai launi ja da ruwan ɗorawa, an buga shi da inji, da ɗan hoton guru a kusurwa. Warin maganin ƙwari ya cika baranda. Kiyashi sun mutu a jerinsu, baƙin layi ɗaya daga ƙofar har ramin bango. Ɗan ya fito yana fara'a, ya ce mini wannan ba ya gogewa, guru ya albarkace shi, kuma Amma ta huta da tsuguno. Ya tambaye ni ko 'yan ƙasarmu za su so irin wanda ba hoto. Na dube shi na wuce abina, don ina ganin girman uwarsa.

Bayan kwana kaɗan ta ƙwanƙwasa mini da sassafe, gwangwanin garinta a hannu. Ba ta shigo ba. Ta dubi dandamalin ƙofata, ta dube ni.

"Boleh?" ta ce. Wato ko zai yiwu.

Na san abin da take roƙo, na kuma san amsar tun kafin ta rufe baki. Ita da kanta ta gaya mini wa ake yi wa maraba da zanen, ni kuwa ƙofar da nake fita da bismilla ce. Na ce, "Anti, ki yi haƙuri, ba zan iya ba." Ko yau aka sake tambayata haka zan ce, sai dai ban taɓa faɗin a'a da ta yi mini ɗaci irin wannan ba. Ta gyaɗa kai, ba ta yi fushi ba, shi ne ma ya fi ci mini rai. Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya.

"To a zuba kawai," ta ce. "Zanen nawa ne. Kiyashi ba ruwansu da zane."

Wannan kam na yarda da shi, ciyar da dabba ai sadaka ce ko a wurinmu. Ta tsuguna ta zuba ɗan tsibi a kusurwar ƙofata. Yatsunta suka fara murɗawa da kansu za su ja layi, ta kama su da ɗaya hannun ta miƙe.

Kiyashi sun dawo, ita ce dai ba ta dawo daidai ba. Kullum za ta zo ta zuba garin, abin da ba ya ɗaukar ta ƙiftawar ido, ta koma ta zauna a gaban fitilar da ba ta buƙatarta. Ta daina kunun madara. Ta rame, ta fara mantuwa. Wani lokaci ina hira da ita sai in ga yatsanta yana yawo a kan cinyarta, yana ɗiga ɗigo yana kewayawa. Ina fama da rubutun digirina da malamina da ba ya amsa saƙo, na riƙa cewa gobe zan zauna da ita sosai.

Daga baya ɗan ya ce guru ya buɗe gidan tsofaffi a wajen gari, can za ta fi samun kulawa da albarka, ɗakinta kuma ana buƙatarsa don kaya. Ranar tafiyar ta miƙo mini gwangwanin garin, ta ce kada in bar kiyashin su saba da yunwa. Na rungume ta, ƙasusuwa kawai na ji. Na yi kuka a lif har ƙasa, ban damu da masu kallo ba.

Na ci gaba da zubawa. Har wata amarya da aka kawo wa wani ɗalibi ɗan Katsina ta gan ni, ta manne da bango tana motsa baki. Na so in yi dariya, dariyar ta ƙi zuwa.

Watanni suka shuɗe. Wata safiya na buɗe ƙofa da gwangwani a hannu, sai ga ɗan Anti tsaye a baranda, an aske masa kai ƙwal, ido jajur. Na san abin da askin ke nufi a al'adarsu, ɗa kan yi shi ne idan ya rasa uwa ko uba. Ya buɗe baki ya ce, "Amma..." Na tsaya ina jiran ƙarashen kamar yadda na saba. Babu abin da ya biyo baya.

Ya dubi kiyashin da ke jere a ƙofata, ya dubi gwangwanin, ya gane shi. Ya miƙo hannu, na zuba masa a tafi. Ya je ƙofarsu ya tsuguna, ya yi ƙoƙarin ɓamɓare sitikar da farce, ta ƙi, gam ɗin mai kyau ne. Sai ya matsa gefe, inda siminti ya rage, ya fara ɗiga ɗigo. Garin na zubo masa da yawa, ɗigon ya zama tsibi-tsibi. Da ya gama jerawa ya riƙe hannunsa a sama, bai san daga inda layin ke tashi ba.

Ya ɗago ya dube ni. "Sista, ta taɓa nuna miki yadda ake haɗa su?"

Na ce a'a. Ya zauna daɓas a ƙasa da garin a hannunsa, ni kuma ina tsaye a jikin bangon nan, har kiyashi suka tsallako daga ƙofata suka fara kwashe ɗigon ɗaya bayan ɗaya.