Aladun da Ban Kiwata Ba

Shekarar da kamfanin auduga ya sallame mu, mu masu dakon buhu, na dawo gida da hannuwa a aljihu, kaina kuwa cike da dabaru. Ni dama lakol, wato makarantar boko, aji biyu na yi, shi ma rabinsa a bakin Binuwai na cinye shi wajen kamun kifi. Amma wajen tsara arziki da baki, ban ga wanda ya kai ni ba a duk Garwa.

Dabarar da ta zauna mini ita ce kiwon alade. Na gani da idona a Kayele, wajen dangin matata: dabba ce marar zaɓen abinci, ga haihuwa kamar ana zazzago 'ya'yan daga kwando. Bayan ɗakinmu akwai fili, masu gasa namansa kuma kullum cikin nema suke.

Sai dai gidanmu a unguwar Hausawa 'yan kasuwa yake, kuma mu kaɗai ne Kirista a layin. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani Alhaji mai sayar da atamfa, wanda kakansa ya zo daga Kano. Daga rijiyarsa muke ɗibar ruwa. Hajiyarsa ce ta karɓi haihuwar 'ya'yanmu. Ran Sallah kwanonsu ya shigo mana, ran Kirsimati namu ya shiga musu. Duk na san wannan, na dai tura shi can ƙeyar kaina.

Matata ta ce, "Baban yara, kafin ka sa bulo ɗaya, ka nemi shawara."

Na ce ai ni ɗan coci ne, neman shawara a jinina yake. Na kuwa nema, sai dai na iya zaɓen mutane. Na fara da ƙanin matata, wanda in ya ji ƙamshin naman alade har salati yake kusan yi. Ya ce tun bara ya kamata in fara. Na je wajen mai buga mana ganga a coci, shi ma bakinsu ɗaya, har ya kama wa kansa ƙafar baya tun alade bai zo duniya ba.

Na tafi wajen Pasto don ya sa albarka kawai. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi addu'a Ubangiji ya ba ni hikima, ba alade ba, na lura da wannan. Sannan ya ce in je in ga Mama, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a cocinmu.

Na same ta tana ɓarar gyaɗa a gindin dalbejiya. Ta miƙo mini tire, wai baki na magana hannu na aiki. Na zayyana mata komai.

Ta ce, "Ɗana, su wa ka tambaya?"

Na lissafa mata.

"Duk masu ci ke nan. Masu shaƙar warin fa?"

Na ce, "Mama, ai filina ne."

"Iskar ma taka ce? Kowace Lahadi muryarka ta fi ta kowa in ana waƙar ƙaunar maƙwabci. Kai a zatonka maƙwabcin a Yawunde yake zaune? Tashi ka je ka tambayi mai katanga."

"Mama, Musulmi ne fa. Na san abin da zai ce."

"To in ka sani, me ka zo nema a wurina? Ajiye mini gyaɗata, rabi kake ci."

Washegari na je shagon Alhaji. Na yi gaisuwa har ta ƙare na sake ɗauko ta daga farko. Na yaba atamfa, na tambayi hanyar Mubi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗan mishan, faɗi abin da ya kawo ka, kana tsare mini masu saye."

Na faɗa, ina kallon ƙasa. Ya ce, "Gidanka ne, ba zan kai ƙararka wurin mai unguwa ba. Amma gaskiya ɗaya ce. Guganku ba zai ƙara shiga rijiyata ba, Hajiya ba za ta ƙara taka gidanka ba, abincinku kuma ba mai taɓawa a layin nan. Ba don ƙiyayya ba, ka san addininmu."

Na tuna ranar da matata ta kusa tafiya wajen haihuwa, da wadda ta riƙe ta.

Ya ce, "Kai kiwo kake so, ko aladen ne ya yi maka asiri?"

Na ce kiwo.

"To ga layi cike da masu layya, kowace shekara sai mun sha rana a kara muna neman rago. Kai kuma ka san duk inda ake samun tunkuzar auduga. Ka sayi ramammu da wuri, ka ɗaure, ka ciyar."

Haka na zama mai kiwon ragunan Sallah, ni da nake zama a bencin gaba a coci. Alhaji ya koya mini sharuɗɗa: ban da mai ido ɗaya, ban da gurgu, ban da mai yankakken kunne. Da Sallah ta matso, filin da ke bayan ɗakina ya koma fada. Alhazai zaune a tabarmata suna duba haƙoran raguna, suna shan ruwan randarmu, Hajiya na leƙowa tana yi wa matata tsiya wai ta auri Bafillace ba ta sani ba. Alhaji kuwa duk wanda ya shigo sai ya ce masa, "Ni na ɗora shi a hanya."

Rago ɗaya ne ya ƙi sayuwa. Garin faɗa ya karya ƙaho har ya yi jini, kowa ya duba sai ya girgiza kai. Na ci gaba da ciyar da shi har Kirsimati. Liman na roƙa ya yanka mana, don kowa a layin ya iya ci. Mama ta aiko tun da safe cewa a ware mata hanta, ita haƙoranta sun yi ritaya kafin ni.