Batirin Ladan Mai Fito

Ladan ya shekara ashirin yana fito da mutane da buhunan albasa a gulbin Jega, har ranar da igiyar tayar da inji ta fizge masa kafaɗa. Maɗori ya yi iya yinsa, amma hannun dama bai sake moruwa ba. Ya sayar da gonarsa ya sayi tsohon inji mai makulli, wanda ba shi da igiya sam. Ashe ubangida ya sayo wa kansa, wato batir.

Shekarar da aka ba Kabi jiha ce, komai ya yi tsada. Rufa'i mai caji ya ajiye masa batir biyu.

"Wanga sabo na, shina kai shekara ukku. Wanga ko gyararre na, ba ni rantsuwa a kai."

Ladan ya jinjina su da hannun hagu kamar mai tayin buhu. Nauyi ɗaya, kuɗi ninki huɗu. Ya ɗauki gyararren yana jin ya yi wayo.

Wata biyu wayon ya yi. Daga nan ko an cika batirin da caji, tashi ɗaya yake bayarwa. Injin kuma da an saki totur sai ya mutu. Saboda haka tun safe hannun nan ɗaya yana kan totur har ya tashi aiki. Kuɗin da zai tara na sabon batir, mai ke shanye su. Mutumin da ba a raba shi da hira a bakin gulbi ya koma sai ɗaga kai. Ni kam, da nake shiga jirginsa kullum, haushi yake ba ni, da tausayi.

Wata ranar kasuwa ya isa tsallake, jirgi ya cika da mata da albasa, aka ce masa yayarsa Gudiya, wadda ta goya shi, ta rasu da asuba. Ga makara can an ajiye a kan tudu, ana jera sahu. In ya saki totur, shi da jirgin da cinikin matan nan duk sun kwana a nan.

Yana tsaye yana kuka, wani ya ɗago murya daga sahu: "Kai mai jirgi, kashe injinga! Ba mu jin liman!"

Ladan ya juya kan jirgin, ya yi tsakiyar gulbi, don su ji kabbara.