Faifan Marayu

Isiyaku taubashina ne, ɗan gwaggona Uwani, don haka tun muna yawo ba wando nake da izinin tsokanarsa. Shagonsa na jikin nawa a Jakara. Ni turare nake sayarwa, shi kuma zanen aikin babbar riga yake shiryawa a kwamfuta, ya zuba a filas, ɗan abin ɗaukar bayanai, masu injin surfani su buga a kan shadda. Mutum ne mai tsoron haƙƙi har abin ya zame masa ciwo. In ya tsinci allura a ƙofar shago, sai ya yi cigiya har bakin kasuwar Kurmi.

Asalin sana'ar ta yayansa ce, Ashafa. Babansu da hannu yake aikin riga, kuma kafin gara ta cinye tsofaffin rigunan da ya bari, Ashafa ya kwashe shekaru yana shimfiɗa su yana kwafe zanen cikin kwamfuta: aska biyu, aska takwas, da wani tambari da babu mai irinsa daga Koki har Ƙofar Dawanau. Isiyaku bai iya ƙirƙirar zane ba. Ƙarawa da ragewa daidai jikin mai riga, nan ya ƙware. Zanen nan su ne abincin gidansa, kuma a gabana Ashafa ya ce ya ba shi su kyauta.

Kwamfutar ta Isiyaku ce, amma had-dis biyu ne a cikinta, wato faifan da take ajiye komai a kai. Tsohon na Ashafa ne, daga kwamfutarsa ta farko. Da ya fara gurnani kamar mai jin yunwa, Isiyaku ya sayo sabo, aka ɗora Windo a kai, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, aka kwashe zanen kaf aka mayar can. Tsohon aka bar shi a ciki, ba wanda ya ƙara tuna shi.

Sai Ashafa ya rasu. Ranar rabon gado malamin unguwa ya sa aka fito da komai tsakar gida, babur, katifa, har butar alwala. An kusa shafa fatiha Isiyaku ya yi gyaran murya.

"Allah gafarta Malam, akwai faifan Yaya a cikin kwamfutata."

Na zungure shi. "Kai, Sarkin tsoro, wa ya tambaye ka? Abin da ko kare aka jefa da shi ba zai waiwaya ba?"

"Na marayu ne, Hashim."

"To marayun miya za su yi da shi?"

Bai kula ni ba. Ya je ya kinkimo kwamfutar, ya kwance ta da sukundireba a gaban jama'a, ya zaro tsohon faifan, ya naɗe a hankici, ya miƙa da hannu biyu. Malam ya sa masa albarka. Na ce saura ƙurar da ke ciki, ita ma a auna, don da Ashafa aka tara ta. Aka yi dariya, har da shi.

Washegari ya kunna kwamfuta, fuskarta baƙa ƙirin sai layin Turanci guda. Ya kashe ya kunna. Ya hure wayoyi. Na leƙo na ce ita ma takaba take yi, ya ba ta lokaci. Sai da ya yi kwanaki yana jin nauyi kafin ya iya zuwa wajen Jamila, matar marigayin, neman aron abin da ya bayar da hannunsa.

Ta ce, "Wannan ƙarfen? Ai na haɗa shi da matacciyar fanka na ba mai gwangwan. Da ka faɗa, Baban Umar."

Daga nan ya kai kwamfutar wajen wani mai gyara a bakin titi, wanda waya ba ta rabuwa da kunnensa. Ya duba sama-sama ya ce Windo ne ya mutu, sai formatin.

"Kayana fa da ke ciki?" in ji Isiyaku.

"Ba matsala, Alhaji. Dawo bayan la'asar."

Bayan la'asar kwamfuta ta tashi garau, da sauri kamar an biyo ta. Ciki wayam. Ba aska, ba tambari. Wajen ɗora sabon Windo an share faifan tas.

Ni na ja shi wajen Nazeer, wani mai gyara a Koki da ake yabo. Ya yini a kanta, abin da ya tono guntaye ne da ba sa buɗuwa. Ya ce mana tun ranar da aka ɗora Windo a sabon faifai, ɗan abin da ke tada kwamfutar ya zauna a kan tsohon. Sabon ke aiki, amma kullum tsohon ke tashinsa.

"Da kafin ku cire kun kawo, sai in mayar da abin tashin kan sabon, in gwada ta tashi ita kaɗai, sannan a zare tsohon. Ko bayan kun cire ma ana gyarawa ba a taɓa kayanku ba. Sharewar nan ce ta kashe ku."

Na taya Isiyaku kinkimar kwamfutar, muka fito.

Isiyaku ya bi masu inji ko wani ya ajiye zanensa. Ya samu 'yan kaɗan, waɗanda aka rage wa yara na sallah. Tambarin babansu babu. Ya bi 'yan gwangwan neman tsohon faifan, ko da sauran zane a kansa, har ya gaji. Ya gwada zanawa da kansa, abin ya fito kamar tabarmar da akuya ta ci, shi ma ya sani. Masu kawo aiki suka yi ta raguwa, don aska biyu ta gama-gari ko'ina akwai.

Yanzu guga yake yi wa telolin layinmu. Kwamfutar na nan a kusurwa, kuma duk safiya sai ya kunna ta, ta tashi, ya zuba mata ido, sannan ya hura gawayi. Jiya na leƙa na ce, "Sarkin tsoro, ya jikin amarya? Ta tashi lafiya?"

Da can sai ya ce kwalaben turarena rabi ruwa ne. Jiya kuwa ko ɗagowa bai yi ba.

"Ta tashi, Hashim," ya ce, ya jawo rigar wani ya shimfiɗa.