Zinariya a Ruwan Zogale

Mijina malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a nan Nguru. A shekarunsa na ƙarshe ya koma karatu a Gashua, yana zuwa yana dawowa, kuma aikin da aka ba shi na kammalawa a kan zinariya ne. Ranar da ya gaya mini, na taɓa kunnena na ce to, Allah ya kawo mu. Ya yi dariya har da tari. Ya ce wannan ba ta ratayuwa a kunne, don ko ido ba ya ganin ƙwayarta.

Ga yadda ya fahimtar da ni. Ana sayen zinariyar a narke cikin 'yar kwalba, ruwa rawaya kamar shayi marar ƙarfi. In aka zuba mata ruwan dafaffen ganye, wani abu da ke cikin ganyen sai ya mayar da ita zinariya sak, amma ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ƙwayar gari ma dutse ce a kansu. In sun yi ƙanƙantar da ake so, ruwan zai yi ja kamar zoɓo. Amfaninsu kuwa, hanzarta aikin da ba nasu ba. Ruwan rini da ake zubarwa ya gangara kogi, akwai wani farin gari da ke kashe launinsa, amma sai an gaji da jira. In aka ɗiga jan ruwan nan, rinin da garin sai su haɗu a bayan ƙwayar zinariya, a gama nan take, ita kuma ta fito ba ta ragu ba. Ya ce kamar dillalan kasuwar shanu take, sai dai ita ba ta karɓar la'ada.

Zogale ya zaɓa, don muna da shi a bayan ɗaki, kuma ni ya ba dafawa. Ya ce in wanke, in tafasa, in tace, in zuba a gora. Bai ambaci kanwa ba, ni ma ban tambaya ba. Tun ina yarinya ban taɓa ganin an ɗora zogale a wuta ba a jefa masa 'yar kanwa ba. Hannuna ne ya jefa, ban ma san ya yi ba.

Ya dawo daga Gashua fuska ba walwala. Ruwan bai yi ja ba, ya yi shuɗi mai duhu, sannan ya kwanta a gindin kwalba kamar gasara. Ya zaci awonsa ne bai yi daidai ba, sai ya sake gwadawa da ruwan gorar nan, ya sake samun haka. Zinariyar ta tafi fiye da rabi, ga shi daga nesa aka kawo ta, kuma an gaya masa ba za a sake sayowa ba a shekarar.

Wajen cin abinci aka gano. Na yi kwaɗon zogale, yana cikin ci sai ya tsaya da tauna, ya tambaye ni yadda nake dafa ganyen. Na lissafa masa, har na zo kan kanwa. Ya ɗora hannu a ka, ya daɗe a haka, sannan kafaɗunsa suka fara rawa don dariya. Ya ce gishirin da ke cikin kanwa ne ya sa ƙwayoyin suka dunƙule da juna, kuma malamin da bai gama bayani ba shi ya kamata a yi wa bulala. Ya miƙo kwano a ƙara masa.

Kafin ya samu damar sake gwadawa ƙafafunsa suka fara kumburi. Ciwon ƙoda ne, wanda gidaje da yawa a yankinmu suka sani. Zirga-zirgar asibiti ta cinye mana watanni. Ya rame, hannunsa ya koma rawa, ko kofi sai na riƙe masa. Ya daina maganar takardar digiri. Abin da kawai yake faɗa shi ne yana so ya ga jan nan da idonsa, ya ga rini ya washe, kuma abin da ya rage a kwalba gwaji ɗaya ne.

Na sayi sabuwar tukunya. Wata mata, mai kula da ɗakin gwajinsu a Gashua, ta aiko da tataccen ruwa a jarka. Da na ɗora zogalen, Inna, mahaifiyarsa, ta jawo tabarma kusa da murhu tana kallo. Ta ce ganye ba kanwa ai abincin awaki ne, kuma mutum marar lafiya ba a yi masa rowa. Na san tana da ƙullin kanwa a bakin mayafinta. Na ce mata wannan ba na ci ba ne, ta ce to me ya kai shi tukunya. Haka na zauna tsakaninta da murhu, ban tashi ba ko don ɗauko abin tacewa, sai da ya tafasa na sauke.

Da safe muka shiga motar Gashua, gorar tana kan cinyata cikin tsumma mai laima. A ɗakin gwajin matar nan ta ba ni farar riga wadda hannunta ya wuce yatsuna, ta naɗe mini. Aka kawo masa kujera. Ya gwada ɗaukar siririn bututun gilashin da ake ɗiga ruwa da shi, ya ga yana kaɗawa, sai ya miƙo mini.

"Uwargida, yau ke ce hannuna. A hankali, kamar kina sa wa jariri magani."

Na ɗiga ruwan zogalen cikin na zinariyar, yana gaya mini inda zan tsaya. Ruwan ya zauna rawaya. Ina jin numfashinsa a bayana, ina ta salati a zuci, ina tunanin ko Inna ta shammace ni lokacin da na sunkuya gyara itace. Can sai rawayar ta fara dusashewa, ta koma kamar ruwan da aka wanke goro, sannan ja ya taso daga ƙasa ya cika kwalbar. Ya ce in kai masa kusa da taga. Ya daɗe yana kallo.

Sannan matar ta jera kofuna biyu na shuɗin rini, ta sa wa kowanne farin garin. Ya ce in ɗiga jan a na dama kaɗai. Na hagu ya tsaya yadda yake. Na dama, muna kallo shuɗin ya yi ta janyewa har na hango yatsana ta cikin gilashin. Na juya in gaya masa, sai na ga ya riga ni gani. Ya ce alhamdu lillahi, sau ɗaya, ƙasa-ƙasa. Matar ta ce za ta leƙa wani abu a waje, ta bar mu.

"Yanzu kam sai rubutu, Malam," na ce.

"Rubutu kowa zai iya," ya ce. "Mu je gida."

A hanyar dawowa barci ya ɗauke shi tun kafin Jajimaji, kansa ya faɗo a kafaɗata, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba. Wani dattijo a gefe ya kawar da kai wajen taga. Kafaɗata ta yi tsami amma ban motsa ba har muka shiga tasha.

Bai sake zuwa Gashua ba. Ya rasu kafin saukar damina, a ɗakinsa, da hantsi, ina kusa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.